Bayan Ambaliya: A Koyar da Yara a Gida ko a Nema Musu Makaranta?

Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya kwana a Maiduguri da Jere ranar 10 ga Satumba, 2024, daidai lokacin da ake shiga sabuwar shekarar karatu. Ya mamaye Gwange da Gamboru, ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehu, kuma makarantu da dama da ruwan bai ci ba suka koma masaukin waɗanda suka rasa muhalli. A wannan daminar ce gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma jama'a ke kwana a cikinsu. Mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja sun ga irin haka a 2022. A Arewacin Najeriya ruwa yakan cika ne a Agusta da Satumba, zangon farko kuma a Satumba yake farawa, shi ya sa kusan duk ambaliya sai ta haɗa da karatun yara.

Idan an samu wurin kwana da abin sawa a baka, tambayar da ke biyo baya ita ce yaran. A zaunar da su a koya musu a inda aka sauka? A kai su makarantar unguwar da aka samu mafaka? A bar su a ajin wucin gadi na sansani? Ko a tura su wajen dangi a wani gari? Babu amsa guda da ta dace da kowane gida, kuma sau da yawa ko a gida ɗaya amsar Yaya daban take da ta ƙaninsa.

Abin da karatun gida ba ya bayarwa

Gara a fara da wannan, don a nan aka fi yin asara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala, jihohi kuma suna da nasu dokokin a kan haka. Dokar ba ta tanadi wata hanyar yi wa karatun gida rajista ba. A Amurka, inda akasarin shawarwarin da ake gani a intanet suke fitowa, kowace jiha ta halatta koyar da yaro a gida kuma tana da ƙa'idarta. Ban da haka suna da dokar McKinney-Vento ta 1987 da ta tilasta wa makarantun gwamnati karɓar yaron da ya rasa muhalli nan take, ko ba shi da takarda ko ɗaya. Wanda ya kwaso shawarar can ya kawo nan bai duba wannan bambancin ba, ɗansa zai cutar.

Makaranta abu biyu take ba yaro: ilimi, da suna a rajista. Karatun gida zai iya ba da na farko, wani lokaci ma fiye da ajin da ya cika maƙil. Na biyun ne ba zai iya ba. Sunan nan shi ke jawo makin gwaje-gwajen zango, shi ke jawo takardar sakamako, da shi ake rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuma WAEC da NECO na 'yan makaranta suna haɗa makin da makaranta ta tara wa ɗalibi a shekarun babbar sakandare da na jarrabawar kanta. Saboda haka duk zaɓin da za a yi, a fara da kare sunan. A je wajen hedimastan tsohuwar makarantar, ko a kira shi a waya, a gaya masa yaron yana raye, yana wuri kaza, zai dawo, kada a cire shi. Minti biyar ne, amma shi ne aikin da aka fi mantawa da shi.

Tambayoyi uku ne ke raba gardama. Har yaushe za a yi kafin a koma gida ko a zauna wuri ɗaya: makonni, zango guda, ko ba a san rana ba? Aji nawa yaron yake? Kuma wa ke nan, da sunansa, da zai zauna da yaran awa biyu kullum? Idan amsar ta uku ita ce "za mu riƙa yi dai", to ba a da malami, kuma karatun gida bai kafu ba.

Karatun gida, da na zaure

Inda karatun gida ya fi kowace hanya shi ne ga yaran aji ɗaya zuwa huɗu na firamare, idan zaman bai wuce zango guda ba, wato mako goma sha biyu zuwa sha uku. Dalili kuwa abin da yaro ke buƙata a wannan shekarun kaɗan ne kuma sananne: ya iya karatu, ya iya rubutu, ya iya lissafin tarawa da ɗebewa da sau da rabawa. Ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ba ya fuskantar babbar jarrabawa. Ba kuɗin mota, ba yunifom, kuma yaron da ruwa ya firgita yana kusa da uwarsa.

Gida ɗaya shi kaɗai bai cika ɗorewa ba. Uba yana fita neman abinci ko gyaran bangon da ya faɗi, uwa tana layin ruwa ko na rabon kaya, ranar da ɗayansu ya kwanta zazzaɓi karatu ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi tsayawa shi ne gida huɗu ko biyar su haɗa yaransu, takwas zuwa goma sha biyu, kada su haura sha biyar, a hannun malami ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Karatun zaure ne, sai dai an sa masa boko. A kusan kowane taron masu hijira akwai malamin firamaren da shi ma ruwan ya koro, ko mai NCE da ba ta samu aiki ba, ko matashin da ya gama sakandare yana jiran sakamako. A yi yarjejeniya da shi tun ranar farko a gaban mai unguwa ko shugaban sansani: kwana nawa a mako, ƙarfe nawa, me za a ba shi, yaushe. Ko mudun hatsi ne daga kowane gida duk Juma'a, a faɗa a cika. Aikin sa-kai da ba a ɗaure shi da komai ba yakan mutu da zarar malamin ya samu wani abin yi, kuma ba laifinsa ba ne, shi ma yana da bakunan ciyarwa.

Kayan aiki ba su da yawa. Rabin falankin filawud, ƙafa huɗu da huɗu, a shafe shi da baƙin fentin allo sau biyu, a bari ya bushe tsakanin shafawa. In babu fenti, garin gawayi da aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan ƙaro yana yi, sai dai a riƙa sabunta shi. Kada a fasa tsohon batir don a ɗebi baƙin cikinsa kamar yadda wasu ke yi. Yara za su taɓa, su kai hannu baki. Kwalin alli ɗaya, tabarma biyu, fensir biyu ga kowane yaro, da littafin rubutu biyu masu ganye 40, ɗaya na karatu ɗaya na lissafi. Littafi ɗaya mai kauri na malami, wanda shi ne rajista. Tsinken tsintsiya kamar ɗari biyu da robar ɗaure kuɗi, da marafan kwalba gwangwani guda. Sai bokiti mai murfi da ake zuba komai a ciki bayan an tashi, domin raɓa da gara da awaki sun fi ɓarawo cin littafi a wurin da ba ƙofa. Buta da sabulu a bakin tabarma ba ado ba ne: kwalara ta biyo bayan ambaliyar Maiduguri, kuma yara goma da ke musayar fensir hanya ce gare ta.

Littattafan da aka tsamo daga ruwa, in ruwan sama ne kawai ya jiƙa su, a tsayar da su a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa sa busasshiyar takarda tsakanin shafuka ana canzawa, in sun kusa bushewa a danne su da abu mai nauyi. Rana tana murɗe su. Waɗanda suka kwana a ruwan da ya haɗu da na masai, a haƙura da su.

Gwajin ranar farko

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tambayi yaro ajinsa, a ɗauko littafin ajin a fara daga inda makaranta ta tsaya. Ɗan aji huɗu da ba ya iya haɗa baƙi da wasali ba abin mamaki ba ne, tun kafin ambaliya ma. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanyar koyar da yaro daga matakin da yake, ba daga ajin da aka rubuta masa ba, an kuma yi aiki da ita a Borno da wasu jihohin Arewa. Gwajinta ba ya wuce minti biyar ga kowane yaro, kuma kowa zai iya shirya irinsa.

A rubuta abu huɗu a takarda ɗaya da manyan haruffa: haruffa goma a warwatse, a sa ɓ da ɗ da ƙ a ciki, kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, ruwa, ƙofa, tulu, sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, da ɗan labari mai jimla takwas zuwa goma. A fara ba yaro sakin layin. In ya karanta shi a jere, bai yi kuskure fiye da biyu ko uku ba, a hau da shi zuwa labarin, a yi masa tambaya biyu a kai. In ya kasa, a sauko kan kalmomi, in ya kasa a sauko kan haruffa. Inda ya tsaya nan ne matakinsa. Lissafi ma haka: ya gane 1 zuwa 9? Ya gane 10 zuwa 99? Zai iya 52 a ɗebe 17, wadda sai an yi aro? Zai iya raba 84 gida 6? A rubuta sakamakon kowa da kwanan wata a littafin malami.

Daga nan a raba su rukuni biyu ko uku bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai ji kunyar zama da 'yan bakwai. Maganinta a ba shi wani muƙami, shi ke raba fensir, shi ke kiran suna, sai zaman ya zame masa girma. A maimaita gwajin duk mako biyu da sababbin kalmomi. Wanda ya haye a ɗaga shi nan take. In an yi mako huɗu rabin rukuni ba su motsa ba, matsalar tana wajen koyarwar, ba wajen yaran ba.

Awa biyu a rana, kwana biyar a mako, sun isa. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarfe takwas zuwa goma na safe, bayan karatun allo na asuba, kafin rana ta yi zafi. Amma a duba lokacin rabon abinci da na ɗibar ruwa tukuna, don duk jadawalin da ya ci karo da su shi zai faɗi. Minti goma na farko gaisuwa da kiran suna da 'yar waƙar ƙirga ko wasan tafi. Minti arba'in da biyar na karatu: malami ya karanta ɗan labari da ƙarfi yana bin kalmomin da yatsa, sannan kowane rukuni ya yi nasa, masu haruffa suna haɗa gaɓoɓi, ba bi bu, ka ki ku, suna gina kalma da su, masu sakin layi suna karanta wa juna bibbiyu, kowa kuma ya rubuta wani abu nasa, ko jimla ɗaya ce. Hutun minti goma. Minti arba'in na lissafi. Sauran a ba Turanci na baka da 'yan kalmomi.

Tsinken tsintsiyar nan a lissafi yake aiki. Goma a ɗaure da roba, ɗauri ɗaya ke nan. 52 ɗauri biyar ne da tsinke biyu. A ce wa yaro ya ba da 17: zai ga biyu ba za su ba da bakwai ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya. Wannan kwancewar ita ce aron da ake ta fama da shi a allo shekara da shekaru bai shiga ba. Ya yi da hannunsa sau goma kafin a rubuta masa a takarda.

A fara karatu da harshen da yaro ke ji. Wanda ya iya karanta Hausa ya riga ya san cewa harafi sauti ne, kuma wannan sanin zai bi shi zuwa Turanci. Amma kada a yar da Turancin, ko Faransanci ga 'yan Nijar, tunda da su ake rubuta jarrabawa. Yaron da Kanuri ko Shuwa ko Fulatanci ne harshen gidansu, a samu wani babba da zai riƙa fassara masa umarni a makonnin farko.

Inda yake lalacewa

Na farko kwafe. Malami ya cika allo, yara su kwafa, littafi ya cika da kyakkyawan rubutu, iyaye su ji daɗi, alhali yaron zane yake yi. A rufe allon a ce ya karanta abin da ya rubuta, nan gaskiya za ta fito.

Na biyu 'yan mata. Karatu a tsakar gida yana nufin yarinya tana nesa da murhu da taku biyar. "Zo ki riƙe min ƙaninki", "je ki ɗebo ruwa ki dawo", kafin wata guda ta koma mai leƙowa. In gida ya shiga matsi sai talla ta biyo baya, ko aikatau, wani lokaci har maganar aure. A nan makaranta ta fi gida nesa ba kusa ba, domin fita da safe da jaka kariya ce. Idan dole a gida za a yi, a yi a zauren maƙwabta ba a gidan su yarinyar ba, kuma iyaye mata su yi alkawari tsakaninsu cewa awa biyun nan ba a aike.

Na uku bulala. Yaron da ya ga ruwa ya tafi da ɗakinsu, ko ya kwana a kan rufi, zai iya dawowa da fitsarin kwance, ya firgita in hadari ya haɗo, ya kasa zama wuri ɗaya, ya manta abin da ya iya jiya. Ba taurin kai ba ne. Duka yana ƙara shi. Abin da ke kwantar da shi shi ne tsari marar canzawa: lokaci ɗaya, wuri ɗaya, fuska ɗaya, farawa iri ɗaya kullum. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani. In ya kawo da kansa a saurara. In an yi wata ɗaya ko fiye ba ya barci, ba ya ci, ko ya daina magana, a kai shi wajen ma'aikatan lafiya.

Sai wurin zama. A yi karatu a fili, inda mai wucewa zai gani, ƙofa a buɗe, kuma kullum wata uwa tana kusa. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga malamin.

Waya kuwa, mataimakiya ce kawai. Ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin Nigeria Learning Passport a 2022, akwai darussa bisa manhajar ƙasa, har da na Hausa, kyauta. Amma waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun maigida, caji da data kuɗi ne. Amfaninta na gaskiya malami ya duba darasin da daddare ya shirya. Rediyo ma haka: jihohi sun gwada darussan rediyo a 2020 lokacin korona, kuma darasin rediyo yana shiga ne in akwai babba a zaune yana cewa "to ku maimaita, ku rubuta".

Makarantar inda aka sauka

In zaman zai wuce zango guda, ko yaron yana aji shida, ko aji uku na ƙaramar sakandare, wannan ce hanya, ko da ajin ya cika. A tafi da yaron wajen hedimasta, da duk abin da ya tsira: tsohuwar takardar sakamako, littafin rubutu mai sunan makaranta, ko hoton ɗayansu a waya. In babu komai, takarda daga mai unguwa ko shugaban sansani, ko katin da SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, ta bayar, tana nuna daga inda aka fito. In hedimasta ya ce ba gurbi, a wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ke da ikon tura yaro makaranta. In sakandare ce, ofishin ilimi na shiyya. A roƙi a yi wa yaron gwaji a sa shi ajin da ya dace, a kuma roƙi a ɗaga masa ƙafa kan yunifom na wata ɗaya ko biyu. Kafin a bar ofishin a tabbatar an rubuta shi a babbar rajistar shiga, an ba shi lamba. Yaron da aka ce "ya shiga ya zauna" ba a rubuta shi ba, baƙo ne, ranar jarrabawa ba sunansa.

Nauyinta sananne ne. Karatun kyauta ne a doka, amma akwai kuɗin PTA, da na jarrabawa, da takalmi, da abin kalaci, ga mota in da nisa. Ajin da malami ɗaya ke fama da yara masu yawa ba zai lura da sabon zuwa da ya ɓace a darasi ba. Akwai kuma gori, "ɗan gudun hijira", wanda kan sa yaro ya fita da safe ya ƙare a bakin kasuwa. Don haka a riƙa duba littafinsa duk yamma a ga kwanan watan yau. Haɗin da ya fi kyau ga mafi yawan gidaje shi ne makaranta da safe don suna, sannan minti arba'in da biyar na karatun zaure bayan la'asar don ilimi.

Ajin sansani

Rumfar karatu da hukuma ko ƙungiyoyin agaji ke kafawa tana da abin da gida ba shi da shi: kaya kyauta, kamar akwatin UNICEF da ke ɗauke da kayan malami da na yara kusan 40, da malaman da aka koya wa kula da yaran da suka firgita, da abokan wasa. In tana nan, a sa yara. Rauninta shi ne ranta a hannun sansanin yake. Sansanin Bakassi na Maiduguri an rufe shi a 2021, aka sake buɗe shi da ambaliyar 2024 don zaman ɗan lokaci. Waɗanda aka sauke a makarantu kuma dole su tashi in za a koma karatu. Tun ranar farko a tambayi mai kula da rumfar: tana ƙarƙashin wata makarantar gwamnati? Wa ke riƙe da rajista? In an tashi, za a ba yaro takarda? In amsar a'a ce, a ɗauke ta a matsayin ƙari, a ci gaba da neman makaranta.

'Yan babbar sakandare, da tura yaro wajen dangi

Ɗan aji biyu ko uku na babbar sakandare kada a zaunar da shi a gida in akwai wata dabara. Kimiyya tana son ɗakin gwaji, lissafinsu ya wuce ƙarfin yawancin masu taimako, kuma sauya makaranta a aji uku yana da wuya saboda makinsa da rajistar jarrabawarsa suna tsohuwar makarantar. Abin da ya fi masa shi ne ya ci gaba da zama ɗalibinta, ko da zai koma gidan kawu ko gwaggo da ke kusa da ita, ko kusa da inda aka mayar da ɗalibanta. Riƙo al'adarmu ce, amma a yi shi da magana a fili: wa zai biya me, wane aikin gida zai yi, yaushe zai yi bita. Yarinya musamman, kada a kai ta gidan da 'yar aiki suke nema. A riƙa kiran yaron a waya shi kaɗai, ba a gaban mai riƙon ba. Ƙananan yara kuwa, 'yan ƙasa da goma, raba su da iyaye bayan firgici ya fi rasa zango guda illa. Haka tura yaro almajirci wani gari don kawai gida ya rage baki: in niyyar karatun Alƙur'ani ce, akwai malami a inda aka sauka, yaro ya yi a gaban iyayensa.

In shekarar ta riga ta kuɓuce, ƙofa ba ta rufe ba. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen ƙarshenta, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara, kuma a cikinsu ana rubuta gwajin kimiyya a takarda maimakon ɗakin gwaji. A nan karatun gida yake da cikakkiyar hanya zuwa takardar shaida. A Nijar ma ana shiga jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. A tanadi lambar NIN da wuri, domin JAMB da WAEC suna nemanta, kuma sunan da ranar haihuwar su zo ɗaya a ko'ina. Wanda ruwa ya ci masa satifiket ɗin WAEC na 1999 zuwa yau zai iya samo kwafinsa a dandalin satifiket na hukumar a intanet.

Yaron da ya yi shekara ko fiye ba makaranta, ya kuma girme ajinsa, akwai shirin gaggawa na ABEP da hukumar tsara manhaja ta NERDC ta fitar don 'yan shekara 10 zuwa 18. Ya matse karatun shekara tara zuwa mataki uku, daga nan yaro ya koma makaranta ko ya kama sana'a. A tambaya a SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko hukumar ilimin manya ta jiha ko akwai cibiya a kusa. Ɗan shekara goma sha uku ya fi jure wannan da a zaunar da shi aji biyu cikin ƙannensa.

Ranar komawa

A sa wa karatun gida ranar ƙarewa tun ranar da aka fara shi, a rubuta ta a shafin farko na littafin malami: ranar buɗe zango mai zuwa. In ranar ta zo ba a koma gida ba, ba a ƙara wa'adi, makarantar kusa ake nufa. Mako biyu kafin nan a samo jerin darussan zangon daga wani malamin ajin, a duba abin da aka tsallake, a fi ba lissafi da Turanci ƙarfi tunda su ne ake ginawa bisa na baya.

A tafi da littattafan rubutun yaron, kowane shafi da kwanan wata, da kwafin shafinsa na rajista mai nuna ranakun da ya zo da sakamakon gwaje-gwajen mako biyu-biyu, malami da mai unguwa sun sa hannu. Ba takardar hukuma ba ce, amma hedimastan da ke tunanin mayar da yaro baya aji ɗaya yakan sake shawara in ya ga aikin mako goma a gabansa, sai a roƙe shi ya gwada yaron kafin ya yanke. Wanda ya yi zango a makarantar wani gari ya karɓo takardar canjin makaranta da sakamakonsa kafin ya taso, don komawa nemansu daga baya kuɗin mota ne biyu. Duk takardar da ta shigo hannu a ɗauki hotonta, a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari ta WhatsApp, asalin kuma a naɗe shi a leda biyu a rataye sama da inda ruwan bara ya tsaya a bango.